Gig 32 na nema, gig 16 na ƙare da shi

Ranar da na yanke shawarar ƙara wa kwamfutar shagona RAM, wato wurin da take ɗora aikin da take yi a lokacin, wata Hajiya ce zaune a bencinmu tun bayan azahar tana jiran katin bikin 'yarta. Gyara ɗaya tak ya kawo ta. An rubuta ɗaurin aure ƙarfe 11 na safe, ita kuma ta ce dangin ango sun mayar da shi bayan sallar Juma'a. Aikin minti biyu ne. Sai dai ɗan yayata, wanda shi ke zama a kan kwamfutar, ya bar wata bana a buɗe cikin Photoshop, ga CorelDRAW, ga WhatsApp inda kwastomomi ke turo mana hotuna, ga shafukan Chrome sun fi goma. Yana danna fayil ɗin Hajiya allo ya yi fari-fari kamar hazo ya sauka a kansa, 'yar da'irar nan shuɗiya ta shiga juyawa. Babu wuta, inji ne a waje yake ta shan mai. Muka zuba wa allo ido mu uku. Can Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Ɗan nan, ko in je in yi la'asar in dawo?"

A Disamban 2024 ke nan, tsakiyar lokacin bukukuwa, lokacin da mai buga kati a Kano yake samun abin da zai riƙe shi har azumi. Shagon nawa ƙarami ne, a wajen Kabuga. Kati muke yi, da kalanda, da bana, da buga wa ɗalibai furojet. Kwamfutar da ke ɗauke da nauyin duk wannan HP EliteDesk 800 G2 ce, irin 'yar kwancen nan da ake ɗora allo a kanta, ta hannu, na saye ta a Beirut Road a 2021. Furosesarta, wato ƙwaƙwalwarta, i5-6500, RAM gig 8, sai faifan ajiya irin mai juyawa na gig 500. Ba ta taɓa kwana wajen mai gyara ba, in ban da ƙura da muke busa mata. Mu ne dai muka yi mata lodin da ya fi ƙarfinta.

A daren nan na ce gig 32 zan saka. Da za ka tsare ni ka tambaye ni dalilin 32, ba ni da amsa. Na dai ji wani mai haɗa bidiyo a Zoo Road yana cewa tasa 32 ce, kuma lambar ta yi min daɗi a baki. Na duba a intanet na ga kwamfutar tana da rami huɗu kuma tana iya ɗaukar har gig 64, sai na ga ai 32 ma sassauci na yi.

Kwana biyu bayan haka na ga wani ya sa a sitatus ɗinsa na WhatsApp cewa yana da sandunan RAM nau'in DDR4 masu gig 16, guda biyu, a farashin da bai kai abin da aka faɗa min a kasuwa ba ko kusa. Ban tsaya tambaya ba. Na tura kuɗi, ɗan sahu ya kawo min su a naɗe cikin takarda. Sandunan sun yi kyau a ido, cike da ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi gaba da baya. Na buɗe kwamfuta, na zare nawa, na danna su, suka shiga daram, maƙallan gefe suka yi ƙas. Na kunna. Fanka ta tashi, allo baƙi ƙirin, kwamfuta ta kama kuka tana kifta jar fitila. Na canja rami, haka. Na gwada ɗaya shi kaɗai, haka. Ɗan yayata yana tsaye a kaina ya ce, "Kawu, ko dai mun ƙona ta?" Gabana ya faɗi, domin aikin mutane bakwai ne a cikinta.

Na mayar da tsohon nawa, ta tashi lafiya lau. Washegari na zuba sandunan a aljihu na nufi wajen wani abokina mai gyaran kwamfuta, wanda muka yi sakandare tare. Ko jona su bai yi ba. Ya ɗaga ɗaya saitin haske, ya karanta 'yar farar takardar da ke manne a jiki, ya fashe da dariya.

"Mutumina, kai da ka yi boko, karanta nan."

An rubuta PC4-2133P, sai ɗan layi, sai harafin R.

"To wannan na saba ne. Irin manyan kwamfutocin da bankuna da kamfanonin sadarwa ke ajiyewa a ɗaki mai sanyi. Taka U take ci."

Ya yi min bayani yana ci gaba da warware wata laftof. DDR4 na saba da DDR4 na kwamfutar tebur duk haƙora 288 gare su, kuma tsagar da ke tsakiya a wuri ɗaya take, shi ya sa suka shiga ramin ba gardama. Amma na saba yana da wata ƙarin ƙwaya a tsakiya da saƙo ke bi ta cikinta kafin ya isa sauran, kuma furosesa irin tawa ba ta san wannan hanyar ba. Arahar da na gani kuwa, manyan kamfanoni ne a waje ke sauke su da yawa in sun sabunta kayansu, su shigo mana a kwantena, masu iya amfani da su kuma kaɗan ne. In ka ga S a wurin R ɗin, na laftof ne, gajere, shi ko ramin ma ba zai cika ba. Araha ba ta ado, in ji shi, ya miƙo min kayana. Mai kayan ya karɓa daga baya, amma sai da ya zaftare wani abu. Ban ja da shi ba, don bai taɓa ce min na kwamfutar tebur ne ba, ni ne ban tambaya ba.

Har na miƙe zan tafi abokin nawa ya ce, "Wai tsaya, wa ya ce maka 32 kake buƙata? Ka auna?"

Ban san ana aunawa ba. Shekara uku ina tare da kwamfutar, ban taɓa buɗe Task Manager ba sai in zan kashe manhajar da ta sandare. Ya nuna min a tasa. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka zaɓi Memory. A nan za ka ga komai: gudun RAM ɗinka, rami nawa ke cike cikin nawa, da nawa ake amfani da shi yanzu. Amma ya ce lambar da zan sa wa ido ita ce wadda aka rubuta Committed a kanta. In use ba za ta taɓa wuce abin da ke cikin kwamfutar ba, in gig 8 gare ka, iyakarta ta tsaya a bakwai da wani abu tana haki. Committed kuwa tana nuna abin da manhajoji suka nema gaba ɗaya, har da wanda bai samu wuri ba aka tura shi kan faifai. Ya ce takan ɗan yi ƙari, don manhaja kan kama wurin da ba lallai ta taɓa shi ba, amma ita ce ta fi kusa da gaskiyar yunwar kwamfutarka.

Maƙwabcina a layi tela ne, kuma da shi na fahimci abin. Yadudduka suna cikin sito a bayan shago, amma a kan tebur yake yanka. In tebur ya cika, kafin ya shimfiɗa sabon yadi sai ya naɗe wani ya kai sito, in ya sake buƙatarsa ya tashi ya ɗauko. Abin da Windows ke yi ke nan in RAM ya cika, ta kwashe wani abu ta kai wani fayil a kan faifai mai suna pagefile.sys. Sandar DDR4-2133 guda ɗaya tana iya jigilar kusan gig 17 a daƙiƙa. Faifai mai juyawa irin nawa, in ya yi ƙoƙari sosai, megabait ɗari da wani abu yake yi, kuma in ƙananan abubuwa ne warwatse yake nema, ko kusa da haka ba ya kaiwa. Zirga-zirgar sito ce Hajiya ta zauna tana kallo. Sai dai kuma telan nan ko ka ba shi tebur mai faɗin filin Idi, ba zai ɗinka riga da sauri fiye da kekensa ba.

Mako guda na yi ina rubuta lambobi a bayan wani katin da ya lalace. Da safe in an kunna ba a buɗe komai ba, wajen gig 3 sun riga sun tafi. In buga furojet ake yi da Word da Chrome, Committed na yawo tsakanin 6 da 7. In aka haɗa CorelDRAW da Photoshop da WhatsApp da Chrome, irin ranakun da benci ke cika, tana kaiwa 12, wani lokaci 13 da ɗoriya. Sau biyu a makon ta yi tsalle ta haye 19, kuma duka biyun bana ake yi.

Wannan 19 ɗin ta kusa mayar da ni kan 32. Allah ya sa na zauna kusa da yaron na ga yadda yake buɗe sabon aiki. Bana mai ƙafa 10 a ƙafa 4, ya sa mata ɗigo 300 a kowane inci, kamar yadda na koya masa a kan katin biki. Laifina ne, ban taɓa ce masa bana daban take ba. Na ɗauki kalkuleta. Ƙafa 10 inci 120 ne, ƙafa 4 inci 48. A ɗigo 300, hoton ya zama 36,000 a 14,400, ɗigo sama da miliyan 518. Launi huɗu muke aiki da shi saboda na'urar bugawa, kowane ɗigo bait huɗu, ya kama sama da gig 2 a shimfiɗa ɗaya tak, kafin a ɗora hoton amarya, kafin rubutu, kafin Photoshop ta fara ajiye tarihin duk abin da ka taɓa don ka iya komawa baya. Alhali bana daga tsallaken titi ake kallonta. A ɗigo 100 ba mai ganin bambanci daga can, kuma nauyin ya koma kashi ɗaya cikin tara, wajen megabait 230. Na ce masa daga yau bana ɗari ce. Ya ce, "Kawu, ba za ta fashe ba?" Muka buga ɗaya muka rataya a ƙofar shago, na tura shi bakin kwalta ya kalla. Ya dawo bai ce komai ba.

Akwai wata 'yar alama a ƙasan Photoshop, in ka danna kibiyar da ke gefen hagu ka zaɓi Efficiency. Muddin tana 100, aikin a cikin RAM yake gudana. Da zarar ta sauka, manhajar ta fara aron faifai. Ita Photoshop dama kashi 70 cikin ɗari na RAM ɗin da ke akwai take ware wa kanta in ba ka canja mata ba, kuma masu ita da kansu gig 8 suka ce mafi ƙaranci, 16 suke ba da shawara. A kan bananmu ta ɗigo 300 alamar nan ƙasa take zubewa.

Da bana ta fita daga lissafi, mafi tsananin ranata 13 da ɗoriya ce. Gig 16 ya rufe ta har da sauran wurin juyawa. Ba zan ce rarar RAM banza ce gaba ɗaya ba, domin Windows na amfani da wurin da ba kowa ta ajiye fayilolin da ka buɗe kwanan nan, su buɗe da sauri in ka koma musu. Amma wannan ɗan daɗin bai kai a biya masa kuɗin gig 16 na biyu ba, a shagon da ake lissafin litar mai.

Wani abin da ya ƙara sanyaya min gwiwa a kan 32 shi ne shekarun kwamfutar. Furosesata 'yar zubi na shida ce, Windows 11 kuma daga zubi na takwas take farawa a hukumance, in ban da 'yan ƙalilan. Tun a lokacin an san Microsoft za ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Ke nan ko ba jima ko ba daɗe sai na canja ta. In wadda zan saya gaba DDR5 take ci, sandunan DDR4 ba za su bi ni ba, don tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, kamar yadda DDR3 mai haƙora 240 ba ya shiga ramin DDR4. Ba a yi wa gidan haya dakali da tayil.

Sai kuma na lura da abin da Task Manager ke ta nuna min tun farko ban kula ba. A ƙarƙashin Memory akwai Disk, kuma kusan kullum a 100 take, ko da RAM bai cika ba. Kunna kwamfutar kaɗai sai ka gama shan shayi. Abokina ya ce ko gig 64 na zuba, muddin faifan nan na juyawa ne, da safe sai na jira shi. SSD, wato faifan ajiya marar juyawa, irin mai jonawa a wayar SATA, yana yin megabait 500 da wani abu a daƙiƙa, kuma wajen ƙananan fayiloli ratar da ke tsakaninsu ta fi haka nesa, don ba shi da allurar da za ta yi ta yawo tana nema. Kuɗin da na ware wa 32 sai ya rabu biyu: sanda ɗaya ta gig 8, da SSD na gig 512. Har canji ya rage na sayi batirin UPS mai riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, wanda ya daɗe da mutuwa muna ta lallaɓawa. Shi RAM ba ya riƙe komai in wuta ta ɗauke, duk yawansa.

Wannan karon da kaina na je Beirut Road, da tsohuwar sandar a aljihu cikin ambulan. Task Manager ta riga ta gaya min rami ɗaya ne cike cikin huɗu, wato gig 8 ɗina sanda ɗaya ce. Hakan ya yi min daɗi, domin furosesar tana da hanya biyu zuwa RAM, ni kuma duk shekarun nan a hanya ɗaya nake tafiya. In ka sa sanda biyu masu girma ɗaya, kowacce a hanyarta, jigilar na ninkawa, daga wajen gig 17 zuwa 34 a daƙiƙa a lissafin takarda. Ba wai komai zai ninka sauri ba. Amma kwamfuta irin tawa da ba ta da katin hoto na daban, ɓangaren hoton da ke cikin furosesa daga RAM ɗin yake ɗiba, kuma shi yana jin bambancin. Shi ya sa ko da sabo zan saya daga farko, takwas biyu zan ɗauka a kan sha shida guda.

Mai shagon bai da 2133, sai 2400. Ya ce, "Yallaɓai, wannan ma ya fi naka gudu." Gaskiya ne a rubuce, amma a kwamfutata dole ya sauko ya bi 2133, iyakar abin da take yi ke nan, kuma ko ba haka ba in ka haɗa sanda biyu, mai gudun ce ke jiran marar gudu. Ba matsala ba ce, ba kuma abin da za a ƙara min kuɗi a kansa ba ne. Na karanta takardar jiki sau biyu, na ga U ɗina. Na ce ya ba ni kwana uku in gwada. Ya ce, "Har mako ma, amma kada a ɓare sitikata."

Sakawar ba ta kai minti goma ba. Tsakiyar hunturu ne, lokacin da in ka taɓa ƙofar mota sai ta ja ka, kuma irin wannan tartsatsin na iya kashe sandar ba ka sani ba. Na zare wayar wuta, na danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wutar ta fita, na dafa ƙarfen jikin kwamfutar kafin in taɓa komai, na riƙe sandar ta gefe-gefe ban taɓa haƙoran ba. Ramukan da ba a taɓa amfani da su ba sun cika da jar ƙura, sai da na busa su da abin busa. Biyu baƙaƙe ne, biyu farare. Tsohuwar tana baƙi, na sa sabuwar a ɗaya baƙin. Da na kunna ta tsaya ta sanar da ni cewa adadin memori ya canja, na danna F1 ta wuce. Daren da aka bar mana wuta na bar MemTest86, manhajar gwada lafiyar RAM, tana gudu daga filash har asuba, ba ta sami kuskure ko ɗaya ba.

Tun daga nan mutanen layi suka mai da ni malamin RAM, abin dariya. Mai kemis ya zo da tsohuwar kwamfutarsa, ya ce ya ƙara mata ta zama gig 8 amma tana nuna masa uku da wani abu kawai. Windows ɗinsa mai bit 32 ce, ita kuma ba ta iya ganin abin da ya wuce gig 4, a cikin huɗun ma sai an yanke wani abu. Sabuwar Windows mai bit 64 yake buƙata, ba sabuwar sanda ba. Wata malamar makaranta da Word da Excel kawai take yi, na ce mata takwas da SSD sun ishe ta, kada kowa ya ruɗe ta. Mutumin Zoo Road kuwa da na kwaikwaya, shi da gaskiyarsa. Bidiyon 4K yake yankawa a Premiere Pro, kuma ga irin wannan aikin Adobe da kansu gig 32 ko fiye suke cewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni na je na ari yoyon wani.

Yanzu shekara ta zagayo. Farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen 2025, saboda manyan masu ƙera shi, Samsung da SK Hynix da Micron, sun karkata ga cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira da ke kwashe kaya, DDR4 kuma dama sun rage yin sa. Shekaranjiya ɗan yayata ya dawo daga kasuwa ya faɗa min abin da ake sayar da sandar gig 16 yanzu, yana murmushin mugunta.

"Kawu, da ka sayi 32 ɗin nan lokacin, yau da sai mu zare biyu mu sayar mu sayi firinta."

Na ce masa ya buɗe Task Manager. Corel a buɗe, Photoshop a buɗe, kalandar wani ɗan takara tana jiran gyaran hula. Committed 11.8. Ya kalla ya ce ai shi ba maganar aiki yake yi ba, maganar kasuwa yake. Na ce to ya gama da hular, mai ita zai zo ƙarfe huɗu.